Injin Tururin Salome

Yoshuwa shekara sha huɗu ke nan yana dafa almakasai da sauran ƙarafan tiyata a asibitin mishan, amma bai taɓa jin tsoron tukunya ba kamar yadda ya ji tsoron takardar da ɗiyarsa Salome ta kawo daga lakwal, wato makarantar boko. Mushe Hamza, malamin tarihi, ya rubuta ƙarara: ran Laraba za ta tsaya gaban aji ta yi bayanin yadda masana'antu suka tashi a ƙasashen Turawa. Makinta na kan gaɓa. In ta yi shiru kamar bara, za ta maimaita aji.

Yarinyar ta haddace darasin tsaf da Faransanci. Da zarar an kalle ta kuwa, sai baki ya mutu.

"Faɗa mini da Hausa," in ji Yoshuwa. "Mi ya faro abin?"

"Baba, wai a Ingila suna da gawayin ƙasa da ƙarfe da yawa. Suka dafa ruwa a rufe, tururi ya tura ƙarfe, ƙarfe ya juya inji."

Yoshuwa ya miƙe zumbur, har ya ture kwanon fura.

"Ruwa a rufe? Ke, ai tukunyata ce! Kullum sai ta yi mini kuka tana son fita!"

Bai ko sa takalmi daidai ba ya nufi rumfar Sule maƙeri. Suka huda ƙaramin rami a gwangwanin madara, suka yanka wani suka yi ƙafa zagayayya irin ta keke mai fukafukai, suka rataye ta kan waya. Sule na liƙi yana dariya.

"Maƙwabci, in ta fashe, kai ka san hanyar likita, ni ban sani ba."

"Liƙa dai, Sule. Bakinka ya fi guduma aiki."

A tsakar gida suka gwada: suka zuba ruwa a gwangwanin suka ɗora kan wuta, tururi ya bugi fukafukan, ƙafar ta juya kamar ta tashi sama.

Ran Laraba ya nemi izinin awa biyu, ya ɗauko injin da murhu da gawayi ya bi ɗiyarsa har lakwal a Madawa. Mushe Hamza ya yarda a ɗora abin bakin ƙofa, amma ya ce uba sai dai ya tsaya waje. Yoshuwa ya maƙale jikin taga. Can ya hango kuskurensa. A gida da ruwan zafin koko suka gwada. Yau kuwa, don kada ruwa ya ƙare, ya cika gwangwanin fal da ruwan randa mai sanyi. Zai daɗe bai tafasa ba.

Yara arba'in suka zuba wa gwangwani ido. Ƙafar ba ta ko motsa ba. Wani daga baya ya ce shayi ake dafawa, aji ya kwashe da dariya. Salome ta dubi murhu, ta duƙa ta ɗauki mafici. Tana fifita wuta, idonta kan gawayi ba kan mutane ba, sai magana ta fito.

Ta ce kafin ruwan nan ya tafasa, su sani Turawa ma sun jira. Ramukan gawayinsu ruwa ke cika su, shi ya sa suka nemi injin da zai janye shi. 'Yan kasuwansu sun tara dukiya daga teku da ƙasashen da suka mallake, suna da auduga fiye da yadda hannu zai kaɗa. Da inji ya kama kaɗi da saƙa, mace guda ta yi aikin mata hamsin. Manoma suka bar gonaki suka cika birane, kamar yadda samarin ƙauyen Tabotaki ke tafiya cirani, sai dai su ba su koma ba. Har yara ƙanana suka shiga aiki cikin hayaƙi. Inda Faransanci ya ƙwace mata, sai ta tsaya, ta nemo kalmar, ta ci gaba.

Yoshuwa rabi yake ji, amma ya ga Mushe ya daina kallon agogo.

Gwangwani ya yi tsaki. Farin tururi ya feso siriri, ƙafar ta motsa, ta tsaya, sannan ta kama gudu fir-fir-fir. Aji ya tashi tsaye, yara na hawa benci.

"Jirgin ƙasa ke nan!" Salome ta ɗaga murya. "Ku sa mishi ƙafafu kawai!"

Mushe Hamza ya rubuta a allo: sha shida bisa ashirin. Ya juyo wajen taga.

"Malam Yoshuwa, ta wuce. Zo ka kashe wutarka kafin dirakta ya gani."

Yoshuwa ya shigo yana tafi, yana ta "Na gode Allah", ya cafki gwangwanin da hannu tsirara. Ya sake shi da ihu, ya fita tsakar lakwal yana yarfe yatsu yana dariya, yana gaya wa mai gadi cewa waccan ɗiyarsa ce.