Wankan Clarrie

Mu biyar Mama Thelma ta haifa, kuma babu ɗayanmu da ta taɓa yi wa wanka. Gwaggo ce ke yi mana. Na taso da haushin abin nan a raina, har ranar da na haifi 'yata na miƙa wa Mama ita, ta ɓoye hannuwanta a baya kamar na miƙo mata wuta.

Kawu Wally, ƙanenta, shi ya ba ni labarin. A zamaninsu, a gonar shanun da ke bakin kogin Fitzroy, a cikinmu baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar, duk yaron da fatarsa ta yi haske mutanen gwamnati ɗauke shi suke yi. Saboda haka kowace safiya kakarmu kan daka gawayi da kitsen damo ta shafe ɗanta Clarrie da shi ya yi baƙi, don ubansa Bature ne. Wata rana gawayin ya shiga idon yaron, ya yi ta tsala ihu. Mama tana da shekara tara. Tausayi ya kama ta, ta kai shi kogi ta wanke shi tas. Suna hawowa suka tarar da motar gwamnati a tsaye.

Ba a sake ganin Clarrie ba. Kakarmu kuwa har ta mutu ba ta ce wa Mama uffan a kan maganar ba, ba faɗa, ba lallashi.

Shekara goma 'yan majalisa suna jan magana a Canberra, babban birnin ƙasar, a ba mu haƙuri a kan yaran da aka ɗauke ko kada a ba mu. Kullum Mama na manne da rediyo. Wani ya ce waɗanda suka yi abin sun mutu, wani ya ce ai da kyakkyawar niyya aka yi. Ni dai in na ji su sai jinina ya hau.

“Yaya, kashe abin nan,” in ji Kawu Wally. “Haƙurinsu zai dawo da shi ne? Ƙattan banza, kalma ɗaya ta gagare su kamar an ce su haɗiye gatari.”

“Bar min abina, Wally. So nake in ji laifin wa za su ce.”

Ranar da za a ba da haƙurin, a Fabrairun 2008, aka kafa talabijin a zauren taron gari tun da sassafe. Da ƙyar na jawo Mama. Mutane na kuka, wasu na tafi, ita kuwa ta ƙura ido ba ta ko motsi. Da aka gama sai ta kamo rigata.

“Noeleen, kunnena ba ya ji sosai. Su suka ce sun yi?”

“Su ne, Mama. Da bakinsu suka faɗa.”

“Ba su ce wadda ta wanke shi ba?”

“Haba Mama! Shekararki tara fa.”

Ta saki rigata. “Da sun faɗa Inna tana raye, da ita ma ta ji.”

A nan na fashe da kuka. Shekara sittin da biyu tana ɗauke da laifin gwamnati guda ita kaɗai, ni kuma ina jin haushinta a kan wanka.

Da muka koma gida ta ce in kawo baho da ruwan ɗumi. Jikata Ruby, 'yar wata huɗu, tana kwance a tabarma, fara sol kamar ubanta. Mama ta ɗauke ta, ta tuɓe mata riga. Ta ɗebi ruwa a tafinta, ta ɗaga, sai ta tsaya. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunta.

“Noeleen,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Fita ki tsaya a bakin hanya. In kin ji ƙarar mota, ki yi min magana.”