Ranar Hutun Kayan Aiki

Prabhakar Shenoy ya ɗiga jan garin ibada a jikin kwamfuta ta ƙarshe, ya goge yatsa. Ranar Ayudha Puja ce, duk birnin Bengaluru na Indiya an wanke kayan sana'a, an rataya musu furanni, an bar su su huta. A kamfaninsa na shimfiɗa layukan intanet, har almakashin yankan waya ya samu furensa.

Saura tsohuwar na'urar da ke ƙuryar ɗakin sanyi na kwamfutoci. Shi da amininsa Girish suka haɗa ta a garejin haya, zamanin da suke raba kofin shayi ɗaya. Yanzu ba ta da sauran aiki sai guda: Girish ya saita ta kowace safiya ta aiko saƙo, “Ina nan, layi lafiya. Girish.” Shekaru ke nan da Girish ya rasu aka ƙona gawarsa, saƙon bai taɓa fashi ba. Injiniyoyi sun ce duk ranar da aka kashe ta, ba za ta ƙara tashi ba. Prabhakar, mutumin da ke sallamar ma'aikaci ko ƙifta ido bai yi, tsoron maɓallin nan yake ji.

Yana rataya mata fure sai ya ji motsi a bayansa. Sunanda ce, matar marigayin, wadda rabonta da kamfanin tun rasuwar. Ta ƙi zama, ta ƙi alewar da aka miƙa mata.

“Yaya Prabhakar, na ga har tsintsiya kun ba hutu,” in ji ta. “Shi Girish fa?”

Ya soma yi mata bayani, wai tarihin kamfani ne, wai yara suna koyo da ita. Shi kansa ya ji kunyar maganar.

“Wayarsa tana hannuna, Yaya. Can ma saƙon yake zuwa. Kullum na farka sai ya gaya mini yana wurin aiki. Da ransa ban same shi a gida ba, ka bar min shi yanzu.”

Prabhakar bai taɓa sanin haka ba. Ya daɗe yana sauraren gunjin fankar na'urar, sannan ya danna maɓallin. Ƙarar ta yi ƙasa, ta ɗauke.

Washegari ya riga lokacin tashi, ya zauna bakin gado da waya a hannu. Da rana ta fito saƙon bai shigo ba, sai ga kukan da ya ƙi zuwa ranar ƙona gawar.