Wuri Ɗaya a Ƙarƙashin Kwale-kwale

Ina tsaye bakin ƙofar maƙwabcina Delphis da tukunyar romon zomo, sai na jiyo dariyar jikata Odile daga ciki. Rabon da ta yi irin wannan dariya a gidana har na manta.

"Shigo mana, Armand, sanyi kake sako mana," in ji Philomène, matarsa. "Ko gadi aka ɗauke ka?"

An jawo gadonsa kusa da murhu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi Faransanci ya fice daga bakinsa, harshenmu na Anishinabe kaɗai ya rage masa. Na ce harshenmu, amma ni ba na jin sa.

Ranar da mota ta zo kwasar yara da ƙarfi zuwa makarantar kwana ta coci, ni da shi muna wasa a bakin kogi. Kakarsa ta kife masa kwale-kwalen ɓawon itace a ka, ta zauna a jikinsa tana gyaran kifi. Wurin yaro ɗaya ne a ƙarƙashin. Ni aka tafi da ni, na dawo da kyakkyawan rubutu da bakin da ba ya iya gaida mahaifiyata. Na sha tambayar kaina ko tsohuwar nan ta yi laifi. Da ni ne ita, nawa jikan zan ɓoye. Sanin haka bai taɓa sanyaya min rai ba.

Ni na goya Odile bayan rasuwar uwarta. Amma da ta dawo daga karatu a Ottawa da ƙishin harshen, ta gaban ƙofata take wucewa kullum ta shiga ta Delphis. Shi take kira Shomis, kakanta ke nan. Ni kuwa da kalmar Faransanci take kirana.

Philomène ta ba shi romon a cokali. Ya yamutsa fuska ya faɗi wani abu, su biyun suka tuntsire da dariya.

"Me ya ce?"

"Wai zomon nan tsufa ne ya kashe shi, ba tarkonka ba," in ji Odile.

"Ce masa ya tashi ya kafa nasa, tsohon banza."

Ta faɗa masa. Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. Daga nan ya kama hannunta ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana hutawa. Ba wanda ya yi dariya. Ni ina tsaye riƙe da murfin tukunya kamar baƙo.

"Ya ce in ya tafi, kai za ka riƙe masa wuta," ta ce.

A wurinmu in mutum ya rasu ana hura masa wuta a waje, ba ta mutuwa har kwana huɗu, don ta haska masa hanya.

"Ban san addu'o'in ba. Shi ma ya sani."

"Ya ce ba baki ya nema ba. Mutum yake so mai taurin kai, wanda ba ya barin abu ya mutu."

"Maganar ta fi haka tsawo, Odile."

Ta sunkuyar da kai. "Sauran ni kaɗai ya faɗa wa."

Na koma gida ina jin kunyar kaina, ina kuma kishin mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa.

Da hantsin Alhamis ya cika. Na share dusar ƙanƙara a bayan gidansa, kusa da inda tsohon kwale-kwalensa ke kife a kan turaku, na hura wutar. Mutane suka riƙa zuwa, kowa ya zuba ɗan garin taba a ciki ya yi maganarsa. Ni dai itace nake sakawa.

A rana ta uku da la'asar Odile ta fito da shayi da burodin kasko. Idonta ya kumbura. Ta zuba tabarta, ta daɗe tana magana da wutar, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Sai ta tsaya a gefen kututturen da nake zaune.

"Shomis, ɗan matsa min."

Na waiga wajen ƙofar Delphis. Ba kowa, sai takalmansa na tafiya kan dusar ƙanƙara rataye a ƙusa.

Ban tambaye ta ko shi ya sa ta ba. Na matsa. Ta zauna, kafaɗarta a jikin tawa, ta miƙo min itace ɗaya, na tura shi cikin wutar.