Ranar da Na Toshe Hujin Jirgi

Shekara ashirin da biyu ina fenti, daga Kaduna har Landan, ban taɓa barin huji a bangon mutum ba. Shi ya sa da abokina Sualihu ya samo min gwajin sati ɗaya a wani kamfani can bayan Croydon, inda ake gyaran allunan da ake lulluɓe cikin jirgin sama da su, ko ɗar ban ji ba. Na gaji da aikin yau akwai gobe babu. Wannan kuwa na dindindin ne, in an ɗauke ni.

Ranar Talata aka miƙo min allo ɗaya aka ce in goge. Ina dubawa sai ga huji ƙanana kamar bakin allura, sun fi dubu. Na ce lallai, har jirgi ma an bari gara ta ci. Ban tambayi kowa ba. Na zaro fila, ƙullun cike tsagar bango, daga jakata na bi su na shafe, na bi da samfefa. Allo ya fito sumul kamar faranti.

Kachollom, injiniyar da ke kanmu, 'yar Jos ce. Ta zo ta shafa allon, ta juyo ta dube ni.

"Baba Abdul-Salam, ina hujin?"

"Na gyara. Kyauta ma."

Sualihu ya dafe kai. "Ka kashe ni. Ni na ce musu kana da hankali."

Ta ja ni wani ɗan ɗakin gwaji, ta kunna ƙarar injin jirgi a sifika. Da allo mai huji a bango, ƙarar ta kwanta. Da ta maƙala nawa, sai da haƙorana suka amsa.

"Ta hujin nan ƙara take shiga, soson da ke baya ya shanye ta," in ji ta. "Kai ka rufe mata ƙofa, sai ta dawo kunnen fasinja."

"To wa ya gaya min?"

"Wa ka tambaya?"

Allah ya taimake ni allon na koyo ne, ba ya hawa jirgi. Ta miƙo min allura, ta ce in Juma'a ta yi da huji ko ɗaya a toshe, in kama gabana.

Kwana uku ina tsire allo. Idona ya yi ja, wuyana ya sage, Sualihu kuma duk wucewar da zai yi sai ya ce, "Sannu da kitso, Malam."

Ranar Juma'a ta ɗaga allon a hasken fitila, ta bi shi layi-layi, ta sake kunna ƙarar. Ƙara ta kwanta.

"Litinin, ƙarfe bakwai," ta ce. "Amma jakar nan ta zauna a gida."

"Madam, in na ga tsaga fa?"

"Ka kira ni."

"In kuma rami ne ƙato, wanda kai zai shiga?"

"Baba, wannan taga ce. Don Allah ka bar ta."