Tanki Biyu, Rabin Kaya

Mutumin da unguwa ke kira Dogon Zango yana da shagon fenti da ƙusoshi, kuma tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar shagon babu nisan da zai sa mutum ya ji ƙishirwa. Duk da haka, da ya tashi sayen mota, a-kori-kura ya saya, irin matsakaitan nan masu ƙofa huɗu da bodi a baya. Bai tambayi dillali lafiyar inji ba, bai duba taya ba. Abu ɗaya ya dame shi: lita nawa tankinta ke ci, kuma ina za ta kai mutum kafin man ya ƙare.

Aka ce masa lita tamanin. Ya ɗauki wannan lamba ya dinga faɗa wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Mai sayen kwalin ƙusa sai ya saurari yadda motar za ta kai bakin iyaka ba ta nemi mai ba, kafin a ba shi kwalinsa.

Ana haka sai ƙanin matarsa, wanda kowa ke ce wa Auta, ya sayi tasa a-kori-kurar, tsohuwa, mai tankin lita sittin. Auta ba mutumin kirki ba ne na a zo a gani. Malalaci ne, mai son zama da tsokana. Wata rana a bakin shagon, gaban jama'a, ya ce:

"Yaya, duk wannan hayaniyar, bambancin motarka da tawa jarka ɗaya ce fa."

Aka yi dariya, kowa ya manta. Dogon Zango bai manta ba. Cikin satin ya kai motar wurin mai walda, aka ƙera masa tanki na biyu, baƙin akwatin ƙarfe kamar firij ɗin da aka kwantar, aka girke shi a cikin bodi, jikin gilashin baya. Don ya zauna daidai sai da aka yanke ƙugiyoyin da ake ɗaura tampol. Daga ranar maganarsa ta koma ɗaya: "Motata ba ta san ƙofar gidan mai ba." Ta sani kuwa. Can wani gefen gari yake zuwa ya cika ta, inda babu wanda ya san fuskarsa.

Matarsa kuwa dashen itatuwa take reno a bayan gida. Mangwaro, lemo, gwaiba, kowanne a baƙar ledarsa, jere cikin inuwa. Shekaru ta yi tana sayar da ɗaya yau, biyu gobe, ga masu wucewa ta ƙofar gida. Sai wata dattijuwa mai sabuwar gona a can nesa da gari ta ga dashen, ta yaba. Ta ce a kai mata duka ranar da ta ɗauki ma'aikatan shuka. Idan suka iso lafiya, duk dashen da gonar za ta buƙata nan gaba daga hannun matar Dogon Zango zai fito. Matar ta auna bodin motar mijinta da igiya, ta ga zai ɗauke su kaf. Sai dai ta yi awon ne kafin a kai motar wurin mai walda.

Ranar da safe suka fara lodi. Da bodin ya cika, rabin ledojin na nan a ƙasa.

"Baban yara, ina zan sa waɗannan?"

"Sai mu yi sahu biyu. Ai motar za ta je ta dawo, ta sake zuwa ta sake dawowa, ba ta sha ko ɗigo ba."

"Ma'aikatan za su zauna jiran sahunka na biyu ne?"

"To laifina ne da kika yi dashe da yawa?"

Ta kira ƙaninta a waya. Auta ya iso yana hamma, ya dubi tankin, ya dubi ledojin da ke ƙasa.

"Yaya, ashe motar taka mai take ɗauka, ba kaya ba."

"Kai dai ka yi addu'a taka ta kai rabin hanya."

Suka loda sauran a motar Auta, ya ja tampol ya ɗaure. A motar Dogon Zango aka rasa inda za a ɗaura nasa, sai ya naɗe shi ya jefa a kujerar baya. A ransa ma ya fi son haka, don tampol zai rufe tankin, kuma tankin da ba a gani ba shi da amfani.

"To ka ji," in ji matar. "Tunda a buɗe suke, a gidan man nan na tsakiyar hanya za mu tsaya. Akwai famfo, akwai inuwa. In yayyafa musu ruwa, su huta, mu wuce."

"Mu je dai tukuna," ya ce.

Auta ya riga su fita, saboda Dogon Zango ya tsaya goge tankin da tsumma.

Hanyar doguwa ce, fili fetal, babu gari babu rafi. Rana ta ɗaga. Ya taka motar sosai, iska mai zafi tana dukan ganyen a baya. Matar ta juya don ta ga halin da suke ciki, ba ta ga komai ba sai baƙin ƙarfe ya toshe gilashin. Shi kuwa idonsa na kan allurar mai, yana murmushi kamar wanda ɗansa ya ci jarrabawa.

Da rana ta take, alamar gidan man ta bayyana daga nesa.

"Ga shi can. Rage gudu."

Ya ɗan sassauta. Sai ya hango motar Auta a ƙarƙashin rumfa. Ba tausayin itace ne ya tsayar da Auta ba, mansa ne ya yi ƙasa, kuma yana son lemon kwalba mai sanyi. Amma tunda ya tsaya, ya ari tiyon wankin mota, ya yaye tampol, yana fesa wa dashen ruwa da hannu ɗaya, kwalba a ɗayan.

Dogon Zango ya mayar da ƙafarsa kan totur.

"Me kake yi? Shiga mana."

"In shiga yana kallo? Me zai ce?"

"Zai ce ka shiga. Sai me?"

"Gobe duk unguwa za ta ji cewa ya gan ni a gidan mai."

"Ruwa za mu ɗiba, Baban yara, ba mai ba."

"Wa zai tsaya tantance wannan? Ke ba ki san mutane ba."

Ya danna hon mai tsawo, ya ɗaga wa Auta hannu, suka wuce. Matar ta riƙe murfin ƙofa, ta yi magana a hankali.

"Shekarun da na yi ina ɗaukar bokiti ne a bayan motar nan. Don Allah ka juya."

"Akwai wani gidan man a gaba."

Babu wani a gaba, kuma ya sani. Shi ne mutumin da ya sha faɗa a shago cewa gidan mai ɗaya tak ke kan wannan hanya, kuma masu ƙananan tankuna ne kaɗai ke buƙatarsa.

Su suka fara isa gonar. Matar ta sauko ta zagaya baya, ta tsaya. Ganyen mangwaron sun rataye kamar tsumma. Na lemon sun naɗe, iska ta kakkaɓe rabinsu a hanya. Waɗanda suka jingina da tankin kuwa, zafin ƙarfen ya dafa su. Ƙasar cikin ledojin ta bushe ta tsage.

Mai gonar ta zo da malafa a kanta, ta kama ganye ɗaya, ya murmushe a yatsunta.

"Waɗannan ne na gani a gidanki, 'yata?"

"Su ne, Mama."

"Babu ruwa a hanya ne?"

Matar ta dubi mijinta. Yana can gefe ya tara ma'aikatan shuka, yana buga tankin da tafin hannu, yana faɗa musu lita nawa yake ci.

"Akwai," ta ce.

Can sai ga Auta yana tafe a hankali. Aka yaye tampol, nasa rabin kore shar, ƙasar da danshi. Mai gonar ta sa aka sauke su.

"Waɗannan na karɓa, hannunki yana da kyau," ta ce. "Amma ni mai kawo min duka nake nema. Na tara mutane, ga ramuka a haƙe, rabinsu za su kwana babu komai. Akwai wani mai dashe da ya daɗe yana bina, shi zan kira. Kada ki ji haushina."

"Ban ji ba, Mama."

Ko Auta bai yi tsokana ba. Ya tsaya yana naɗe tampol ɗinsa, kansa a ƙasa.

Dogon Zango ya ƙaraso yana share hannu.

"Maman yara, zo ki ga wani abu. Duk tafiyar nan, ko tanki na biyun ban taɓa ba."

Ta zo, ta leƙa, ta dubi allurar sosai kamar yadda ya nema.

"Na gani," ta ce. "Wuce gida. Ni zan bi Auta, ina son in sha ruwa a hanya."

Har yau yana ba da labarin wannan tafiya a bakin shago: yadda ya bar Auta a gidan mai riƙe da tiyo, yadda ya isa ya dawo bai tsaya ba. Mutane suna dariya, shi kuma yana ɗauka yabo ne. Babu mai gyara masa, don duk wanda ya fara sai ya sake jin lissafin lita daga farko.

Matar ta koma sayar da ɗaya yau, biyu gobe. Ta sayi baro mai taya ɗaya, da shi take kai wa masu saye na cikin unguwa. Kwanan baya ya gan ta tana turawa da ledoji a ciki, ya leƙo ta tagar mota.

"Haba Maman yara, ga mota a gida? Sa su a baya in kai miki."

"Na gode," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Baron yana tsayawa in na ce ya tsaya."