Goron Hajiya Adjara

"Ka mayar mini da shi," in ji Hajiya Adjara, hannunta a miƙe.

Ɗanta Ismail bai mayar ba. Ya jefa rimot ɗin esi, na'urar sanyaya ɗaki, cikin aljihun kwat, ya ce khalas, an gama magana, yana da taro a West Bay ƙarfe takwas. Ina tsaye bakin ƙofa riƙe da jaridar da na saba karanta mata. Ya yi mini irin gaisuwar da ake yi wa mai gadi, ya fita.

Gida ɗaya muke a Al Aziziya, tsohon bene da mai shi ya yanka sassa huɗu. Ni fassarar takardu nake yi, aikin da ba ya buƙatar hira da kowa, kuma tun da na binne matata Zuleiha a ƙasar Larabawan nan shekara shida da suka wuce, hakan ya yi mini daidai. Ismail ya ɗauko mahaifiyarsa daga Sekondi ta ƙasar Gana don a yi mata aikin ido. Ido ya buɗe, sai likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki jirgi ba sai ta ƙara ƙarfi. Wata uku ke nan. Ta doshi casa'in, kuma abu ɗaya take nema a duniya, ta koma gida da ranta a binne ta kusa da mijinta.

Rigimar a kan goro ce. Ta zo da ƙwarya guda, wato goro ɗari, a ɗan kwando, naɗe cikin ganye, ta ce kafin ya ƙare za ta koma.

Mijinta, Alhaji Nurudeen, falken goro ne tun zamanin Turawa. Yakan loda huhuna a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya yi wata biyu ba a gan shi ba. Shi aka sani a bakin tasha da ofishin Baturen awo. Ita kuwa tana ɗakin ajiya marar taga, tana kwance huhu, ta ware wanda sankara ta ci, ta yayyafa ruwa, ta sake ganye, ta ɗaure. Tekun da ke ɗauke mata miji, ta ce, ƙararsa ta fi sani, ba kamanninsa ba. Na karanta littattafai da dama kan cinikin goro. Akwai sunayen jirage a ciki, da nauyin kaya. Ban taɓa ganin sunan wadda ta hana kayan lalacewa ba.

Shekara talatin goro bai mutu a hannunta ba sai sau ɗaya. Zazzaɓi ya kwantar da ita mako guda, ganye ya bushe, goro ya yamutse. A makon aka kawo Alhaji gida a kwance, bai ƙara tashi ba.

"Ba camfi ba ne, Malam," ta ce da ni. "Ni dai abin da na gani na faɗa maka."

Yanzu iskar esi ce ke shanye mata ganyen. Ta jiƙa tsumma ta rufe, kafin azahar ya bushe ƙamas. Ismail ya ce ta sa a firiji, ta ce firiji kashe zuciyar goro yake yi, kuma shi da bai taɓa ɗaure huhu ba ya yi mata shiru. Sai ta koma kashe esin da zarar ya fita aiki. Nanret, nas 'yar Filato da ke zaune a sama, ita ce ta gano. Ta auna mata jini, ta ce Kaka, watan Agusta ne, wannan zafin ba na Sekondi ba ne, ba ya ba da sanarwa. Ni ma ta tare ni a matakala ta maimaita mini, har sau biyu.

Goro ya rage goma sha ɗaya. Ta daina ci don kada ya ƙare. Duk da haka kullum da safe sai ta tarar ɗaya ya fara tamoji.

Ranar da aka ƙwace rimot ɗin, na zauna na fara karanta mata labarin farashin mai. Ba ta ji. Kwandon yana kan cinyarta.

"Malam, kai da ka yi karatu. Wannan abin ba shi da wata hanyar kashewa?"

Da na ce babu, da ta yarda. Amma na tuna Zuleiha a watanninta na ƙarshe, kowa yana zaɓa mata abin da za ta ci da gefen da za ta kwanta, duk don amfaninta, har aka gama amfaninta aka kafa wa kabarinta lamba a cikin yashi. Na tashi na janye labule, na nuna mata makunnin da ke jikin bango.

"Rabin awa kawai, Hajiya."

"Allah ya ji ƙan mai ɗakinka," ta ce.

Teburina yana jingine da bangon ɗakinta. Wata uku ina jin gunjin esin nan ta cikin bulo har na daina jinsa. Wajen ƙarfe goma ya ɗauke. Na duba agogo, na ce in na gama shafin nan zan leƙa. Yarjejeniyar haya ce mai shafi ashirin da biyu. Aka kira azahar na yi salla a ɗaki. Bangon shiru. Na san shirun, na ji shi sarai, na ce da kaina ƙila barci take yi, kuma ba tarbiyya ba ce a tashi dattijuwa. Mai karatu ba ya rasa hujja.

Gab da la'asar na ji Nanret tana buga ƙofarta, tana kiran Kaka. Daga nan ta daina bugawa da hannu, ta sa kafaɗa.

A zaune aka same ta, rai ya yi halinsa, ta jingina da gado, ƙwaryar ruwa a gefenta. Ismail ya iso ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya zaro rimot ɗin daga aljihu yana kallonsa. Nanret ta dubi labulen da ke a janye, ta dubi makunnin, ta dube ni. Har yau ba ta tayar mini da maganar ba.

Washegari muka kai ta maƙabarta a bayan gari. Layi huɗu ne tsakaninta da Zuleiha.

Da aka share makoki Ismail ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwandon a hannu, ya ce shi ba ya cin goro, kuma Mma tana ganin mutuncina. Na karɓa. Da ya tafi na kwance ganyen. Goma sha ɗaya cif, jajaye, masu sheƙi, babu ko ɗaya da ya yamutse.

Suna nan kan teburin, kusa da takardu. Esina yana gunji. Gefen ganyen ya fara nannaɗewa.