Ɗaya ga Janairu, 1970

…to ina suke zuwa? Saƙo dai ba ƙafa gare shi ba. An tura, na'urar kamfani ta karɓa, amma wanda aka aika wa ya rantse bai gani ba. Mutum ɗari uku, duk maƙaryata ne? Haba.

Tana jan kujera gaba, tana tura ta baya. Fankar ofis sai ƙara, ba iska. Kwana uku tana bin layukan da ita da kanta ta rubuta — ita, gwanar manhaja, wadda oga ke nuna wa baƙi.

Yaya ma haka ya ce. "Na turo miki tun ranar da aka kwantar da Baba." Ita kuwa ta dangwara masa waya a gaban masu ta'aziyya, duba mana, ina yake? Wata huɗu ba ya ɗaga kiranta. Haushinsa take ji har yau. Ya hana ta ganin ubanta da rai, sannan ya shara mata ƙarya…

A'a. Aiki. Kwanan wata.

Wannan saƙon… ɗaya ga Janairu, 1970? Wancan ma. Wancan ma! Wa ke da waya a 1970, jama'a? Oho. Batiri ya mutu murus, agogon waya ya koma farkon lissafi, mai ita ya kunna ya tura saƙo kafin lokaci ya daidaita. Manhajar kuwa, baiwar Allah, sai ta yarda, ta kai shi can saman hira inda ba mai leƙawa. Ko ƙara ba ta yi — tsohon saƙo ne a wurinta. Wa ya ce a yarda da agogon waya? Abokin aikinta cewa ya yi a bi na kamfani. Ta ce ɓata lokaci ne. Ita ta ce.

Wayar Yaya… tsohuwar nan da ake ɗaurewa da roba, da ta faɗi batiri ya yi waje…

Gyaran layi biyu ne, ba ta taɓa shi ba. Wayarta ce a hannu, hirarsu a buɗe, tana ja sama. Bara. Bara waccan. Tsoro take ji, wallahi tsoro. Allah Ya sa ba komai. Allah Ya sa ƙarya ya yi — subhanallahi, me take roƙo haka?

Ta kai can saman hirar. Ɗaya ga Janairu, 1970. Rubutun Yaya, layi ɗaya: "Ga Baba, da ke yake son magana." A ƙasa saƙon murya, daƙiƙa goma sha ɗaya, ba a taɓa buɗewa ba.

Yatsanta yana sama da shi. Ya ƙi sauka.